Gishirin da Ya Yi Ɗaci

Batulu 'yar aji huɗu ce a wata makarantar sakandare a Lafiya. Kakarta Mairo tana zaune a Awe, kuma sana'arta dafa gishiri tun tana budurwa. Duk hutu Batulu takan je ta taya ta kwasar ƙasa mai gishiri da hura wuta.

Wata rana Malam Imran, malamin tarihi, ya shigo aji da albishir. Makarantarsu ta ƙulla zumunci da wata makaranta a arewacin Ghana.

"Kowa zai samu aboki daga can," in ji shi. "Za ku riƙa hira ta kwamfuta, kowa ya koya wa ɗan'uwansa wani abu na gadon gidansu. Ƙarshen zango za mu yi taro, a nuna abin da aka koya."

An haɗa Batulu da wata yarinya mai suna Adisa. Adisa tana jin Hausa irin ta unguwannin Hausawan Ghana, tana haɗawa da Turanci. Da Batulu ta ce kakarta tana dafa gishiri, sai Adisa ta matso kusa da kwamfuta har hancinta ya cika allo.

"Gishiri? Tukunyar da take tace ƙasa, ina hudar take? A gindi ko a gefe? Me take shimfiɗawa a ciki? Ki turo mini hoto!"

Batulu ta amsa abin da ta sani. Sannan ta ce, "To ke fa? Mene ne gadon gidanku?"

"Sai ranar taro," in ji Adisa, ta yi murmushi.

Haka aka yi ta yi. Kullum Adisa ce mai tambaya. Kullum tana rubutawa. Amma ko sau ɗaya ba ta faɗi nata ba. Abin ya fara damun Batulu.

Terseer, wanda yake zama kusa da ita a aji, ya leƙo ya ce, "Abeg, Batulu, ki buɗe ido. Wannan yarinya wayo ne yake miki. Za su kwashe sirrin kakarki su buɗe kamfani. Ko su sa hotonta a intanet su ce ga talakawan Najeriya."

Maganar ta zauna wa Batulu a rai. Daga ranar ta fara lura da komai. In Adisa ta waiwaya, sai Batulu ta ce a ranta wani ne a ɓoye yake faɗa mata abin da za ta tambaya. In ta yi dariya, sai ta ce da ita take.

A gida ta gaya wa mahaifiyarta.

"Kin tambaye ta dalili?" in ji Mama.

"Ai ba za ta faɗi gaskiya ba."

"Ke kika san haka? Ki tambaye ta, ko ki gaya wa malaminku."

Batulu ta tashi ta shige ɗaki. Ba ta tambayi Adisa ba, ba ta kuma je wurin Malam Imran ba. Ta shirya nata maganin.

Da suka sake haɗuwa, Adisa ta ce, "In ruwan da aka tace ya fara tafasa, sai me?"

Batulu ta gyara zama. "Kaka ta ce a nan sirrin yake. Sai ki matse ganyen shuwaka mai yawa ki zuba. Shi ke sa gishiri ya yi fari."

"Shuwaka mai ɗacin nan?"

"Ita fa. Ɗacin yana fita da tururi."

Adisa ta rubuta, ta yi ta godiya. Batulu ta tashi tana jin ta yi dabara.

Ranar taro ɗakin ya cika da iyaye. Kaka Mairo ta zo daga Awe da sabon zane, da ƙwarya cike da gishirinta. A babban allo ana ganin ɗaliban Ghana da iyayensu.

Da aka kira Adisa, ta fito rungume da wata tsohuwar tukunya, mahaifiyarta na biye da ita.

"Wannan tukunyar kakata ce," in ji ta. "Ita ma gishiri take dafawa. Ta rasu ina ƙarama, kuma ba wanda ya koya a gidanmu. Na ɓoye wa Batulu ne don in ba ta mamaki. Da taimakonta da na kakarta, na dafa gishiri a gidanmu, karo na farko tun rasuwar kakata."

Nan take Batulu ta tuna da shuwakar.

Adisa ta buɗe kwano. Gishirin kore-kore ne, ya dunƙule. Shugabar makarantarsu ta ɗanɗana, nan take ta yamutsa fuska ta nemi ruwa. Ɗaliban can suka fashe da dariya. Mahaifiyar Adisa ta sunkuyar da kai.

"Na bi komai daidai," in ji Adisa. "Har shuwakar na zuba."

Kaka Mairo ta miƙe. "'Yar nan, wa ya ce miki ana sa shuwaka a gishiri?"

"Batulu ce ta ce ke kika faɗa, Kaka."

Duk ɗakin ya juyo. Batulu ta tashi tsaye.

"Ƙarya na yi," in ji ta, hawaye na zuba. "Kaka ba ta faɗa ba. Na zaci so kike ki sace mana sirri, ko ki yi mana dariya. Adisa, ki yafe mini."

Adisa ta kau da kai. Ta rufe kwanonta ta koma ta zauna.

Malam Imran ya ce, "Batulu, yau ba za ki gabatar da naki ba. Kin kunyata baƙuwarki, kin kuma jingina wa kakarki maganar da ba ta yi ba."

Kaka Mairo ta dubi jikarta. "Wane sirri, Batulu? Ni ma wata mata ce ta koya wa uwata, kuma ba 'yar garinmu ba ce. Abin da nake tsoro shi ne in mutu ba wanda ya iya." Ta juya wurin malam. "Malam, a kira mini yarinyar nan ta dawo."

Adisa ta dawo gaban allo tana share ido. Kaka Mairo ta sa ta ɗaga tukunyar, ta juya ta.

"Irin tawa ce sak! Kakarki ta san aiki. Zauna in faɗa miki yadda ake yi, tun daga ƙasa har wuta."

Tsohuwa ta yi bayani dalla-dalla. Inda Hausarta ta yi wa Adisa nauyi, Batulu ce ta fassara, kuma ba ta ƙara ko rage komai ba. Bayan taro Terseer ya zo yana sosa ƙeya. "Sori, Batulu. Ni ma ban san komai ba, na yi surutu kawai."

An ɗan jima kafin Adisa ta sake sakin jiki da Batulu. Batulu ba ta gaji da ba da haƙuri ba. Da hutu ya zo, ta ari wayar Mama ta tafi Awe, ta nuna wa Adisa kowane mataki a murhun Kaka.

Wata safiya Adisa ta kira. A tafin hannunta ga gishiri fari tas. Mahaifiyarta ta lasa, ta rufe ido, ta ce, "Wannan ne ɗanɗanon na uwata."

Kaka Mairo ta rangaɗa guɗa, har maƙwabta suka leƙo.

Daga nan Batulu ta gane cewa zargi ba tare da hujja ba yana cutar da wanda bai yi laifi ba. In wani abu ya ɗaure maka kai game da aboki, ka tambaye shi, kada ka rama abin da bai yi maka ba.