Matar Shekwolo

"Har yaushe, Biriskila? Ki dubi girman Allah ki gaya mini, har yaushe?"

Malam Meshach ne ya yi tambayar, muryarsa ƙasa-ƙasa don kada sauran mawaƙa su ji. Yammacin Asabar ne, an tashi daga koyon waƙa a majami'arsu da ke unguwar Maitumbi a Minna, 'yan mata suna ta shewa a bakin titi suna tsayar da keke.

Biriskila ta sunkuyar da kai tana murza bakin gyalenta.

"Malam, ka ƙara mini haƙuri..."

"Haƙuri! Dattawan ikilisiya sun yi nasu. Baba Fasto ya ce abu guda ya rage, Mama ta amince. Kin yi mata maganar?"

"Ban iya ba."

"Ba ki iya ba, ko ba kya so?"

Ta ɗago da sauri, idanunta sun cika.

"Kai ma sai ka faɗi haka? Ka san abin da ke zuciyata, Meshach. Amma ta yaya zan dubi tsohuwar da ta ɗauke ni kamar ita ta haife ni, in ce mata, Mama, ki yarda a yi wa ɗanki jana'iza domin ina son in yi aure?"

Meshach ya nisa. Malamin firamare ne, shi ne kuma shugaban mawaƙa, mutum mai sanyin hali wanda ba a saba jin ɗaga muryarsa ba sai a waƙa. Sai ya ce:

"Ki gafarce ni, abar ƙaunata. Tsoro ne ya yi magana, ba ni ba. Ina tsoron furfura ta riske mu a gindin wannan mangwaro muna sallama da juna kamar baƙi."

Duk wanda ke sujada a wannan ikilisiya ya san labarin Biriskila. Watanni kaɗan bayan an ɗaura mata aure da Shekwolo, ɗan ƙabilar Gbagyi, aka ɗora masa hannu aka aike shi aikin bishara a wani ƙauye can bayan Zungeru. Ya bar ta a Minna wajen mahaifiyarsa, a kan zai gama rufin ɗakinsu ya zo ya ɗauke ta. Wata safiyar Lahadi 'yan bindiga suka afka wa ƙauyen ana tsakiyar sujada, suka kora shi daji tare da waɗansu. Sau biyu aka ji muryarsa a waya. Daga nan sai shiru.

Shekara ta bi shekara har sun haura biyar. Ba gawa, ba labari. Zumuntar Mata ta majami'a ba ta sa ta cikin gwauraye ba, ba ta kuma iya zama cikin masu miji da sakin jiki ba. Ko'ina "matar Shekwolo" ake kiranta.

Da Meshach ya kai maganarsa gaban dattawa, sun daɗe suna nazari da addu'a. Koyarwar a fili take: alkawarin auren da aka yi a gaban bagaden majami'a, mutuwa kaɗai ke warware shi. Daga ƙarshe suka yanke cewa idan mahaifiyarsa da bakinta ta sallama, za a yi masa sujadar ban kwana kamar yadda ake yi wa waɗanda suka yi barci cikin Ubangiji, sa'an nan Biriskila ta zama 'yantacciya.

A yammacin Asabar ɗin, da Biriskila ta koma gida, ta tarar da surukarta, Mama Asabe, a tsakar gida tana fere doya. Ta karɓi wuƙar ta zauna kusa da ita.

"Mama, akwai maganar da ke nauyi a bakina."

"Ta malamin waƙa ce?"

Wuƙar ta kusa suɓuce mata.

"Kina tsammani tsufa makanta ne?" in ji tsohuwar. "Na ga yadda yake ɓata waƙa duk lokacin da kika shigo a makare. Mutum ya ɗaga hannu ya manta abin da zai yi da shi!"

Dariya ta so kama Biriskila, kuka ya riga ta. Ta durƙusa ta faɗi abin da dattawa suka yanke, kalma tana tuntuɓe da kalma.

Fuskar Mama Asabe ta canza.

"Kin ga gawarsa?"

"A'a, Mama."

"Wani ya gani?"

"A'a..."

"To me za a sa a akwatin? Iska? Ni na ɗauki yaron nan a cikina. Da ya mutu, da nan wurin ya gaya mini!" Ta bugi ƙirjinta. "Ku binne shi ku kaɗai. Ban da ni!"

Ta tashi ta shige ɗaki, ta bar doyar tana yin ja a cikin roba.

Kwanaki suka shuɗe ba a sake tayar da zancen ba. Biriskila ta ci gaba da ɗinkinta, tana dafa abinci, tana shafa wa tsohuwar man zafi a gwiwa kamar kullum. Sai dai ta rame, waƙa kuma ta ɗauke daga bakinta. Tsohuwar tana kallo.

Wata safiya Mama Asabe ta ɗaura zanen Zumunta, ta kira ta.

"Zo nan, 'yata. Zauna."

Ta zauna.

"Na yi ta faɗa da Ubangiji a kan maganar nan. Na ce masa, ɗa guda ka ba ni, ka karɓe shi don aikinka, yanzu kuma kana so in ce ya mutu? Sai ya nuna mini ke. Kin shigo gidan nan kumatunki cike, dubi yadda kika koma. Ni na sha aurena, na haihu, na binne miji. Ke me kika sha? Idan na riƙe ki, na zama ɗaya da waɗanda suka riƙe shi a daji."

"Mama, kada ki ce haka..."

"Bar ni in gama tun ƙarfina bai ƙare ba. Zan je wurin Baba Fasto da ƙafata. Amma ranar sujadar kada a sa ni magana. Kuma in kin tafi gidan malamin, ki riƙa leƙo ni."

Biriskila ta faɗa jikinta, suka yi kuka mai tsawo.

Aka shirya cewa ranar Lahadi Baba Fasto zai sanar wa jama'a. Da Meshach ya ji, sai ya shiga majami'a shi kaɗai ya durƙusa a gaban bagade, ya kasa furta komai sai godiya.

Lahadin ta zo da hadari a gabas. Majami'a ta cika maƙil. Biriskila tana zaune kusa da Mama a layin Zumuntar Mata, zuciyarta tana bugawa da tsoro da wani abu mai kama da murna, wanda ta daɗe ba ta ji ba har ta manta sunansa.

Kafin sanarwa akan ba da dama ga masu shaida. Sai wani dattijo ya riƙo hannun wani baƙo ya kawo shi gaba, ya ce ɗan'uwansa ne, manomi, kwanan nan Allah ya kuɓutar da shi daga hannun masu garkuwa da mutane, ya zo ya yi godiya. Mutumin ya bushe kamar kara, ƙafafunsa duk tabon sarƙa.

Ya yi gaisuwa cikin sunan Yesu, ya faɗi yunwa da duka da tafiyar ƙaya. Jama'a suna ta jinjina kai. Sa'an nan ya ce:

"Amma ko a can Allah bai bar mu marayu ba. Akwai wani bawan Allah da muka tarar, ya daɗe ƙwarai a hannunsu, gemu ya rufe masa fuska. Malamin coci suke kiransa. Sun ƙi sakinsa domin ya iya wanke rauni. Shi ke yi mana addu'a a ɓoye. Ranar da na ce gara in mutu, shi ya riƙe kaina yana yi mini waƙa da yaren Gbagyi..."

Ƙara ta tsaga majami'ar.

"Ɗana ne! Shekwolo ne! Na gaya muku! Na gaya muku!"

Mama Asabe ta miƙe, tsohuwar da gwiwa ke hana ta hawa matakala, ta nufi gaba da gudu. Wuri ya kaure. Wasu na kuka, wasu na ta da hannu sama suna kiran Halleluya. Matan Zumunta suka ɗauki tulun kiɗa da caki ba tare da an ce su ɗauka ba. Hannuwa suka kama Biriskila ta ko'ina.

"Tashi, matar Shekwolo! Tashi ki taka! Mijinki yana da rai!"

Aka ja ta tsakiyar fili. Wata ta yi guɗa a kunnenta. Wani daga cikin dattawa, wanda murna ta sa ya manta komai, ya ɗaga murya:

"Malam Meshach! Ba mu waƙar godiya mana!"

Ta cikin kafaɗun mata ta hango shi. Yana tsaye gaban mawaƙa, fuskarsa kamar an zare mata jini. Ya dube ta. Sa'an nan ya juya, ya ɗaga hannu, ya ba da waƙar. Muryarsa ba ta karye ba, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo. Ƙafafunta suna takawa, hawaye yana zuba, kowa yana cewa dubi kukan farin ciki.

Baba Fasto bai yi sanarwar ba.

Bayan an tashi, Biriskila ta sami baƙon a inuwa yana shan ruwa. Ta durƙusa a gabansa.

"Baba, don Allah... mutumin nan, ya faɗa maka sunansa?"

"A'a, 'yata. A can ba a tambayar suna."

"Dogo ne? Baƙi ne ko fari?"

"Yunwa da rana sun mai da mu duka kama ɗaya."

"Ka baro shi da rai?"

Mutumin ya ajiye kofin, ya kawar da kai.

"Ban so in faɗa a gaban tsohuwar ba. Tun kafin damina suka ɗauke shi zuwa wani sansani. Yana tari, har da jini. Ko yana nan, ko ya huta, Allah ne masani."

Baba Fasto ya kira Biriskila da Meshach ofishinsa. Dattijo ne da ya ga abubuwa da yawa, amma ranar ya daɗe yana goge tabaransa kafin ya yi magana.

"'Ya'yana, na yi baftisma, na ɗaura aure, na binne mutane, ban taɓa jin nauyi irin na yau ba. Wataƙila shi ne, wataƙila wani bawan Allah ne daban, gama ba shi kaɗai aka ɗauka ba. Amma ba zan iya tsayawa a gaban Ubangiji in yi ban kwana da mutumin da mai yiwuwa a wannan sa'a yana yi mana addu'a ba. Ku ma ba za ku so ba."

"Sai yaushe ke nan, Baba?" in ji Meshach.

"Ban sani ba, ɗana. Da na sani, da na faɗa."

Suka fito. An fara yayyafi, harabar ta watse. Suka tsaya a ƙarƙashin rumfa, tazarar da ke tsakaninsu ta fi ta kullum.

"Zan jira," in ji shi. "Ko shekara nawa ne, zan jira ki, sanyin idona."

"Kada ka jira."

"Biriskila!"

"Ka saurare ni, Meshach. Me za ka jira? Labarin mutuwarsa. Duk lokacin da ka durƙusa ka roƙi Allah ya ba ka ni, me kake roƙo? Ni ma haka. Ɗazu da mutumin ya ce yana tari da jini, wani abu ya motsa a zuciyata... na ji tsoron kaina! Mutumin da ke wanke raunin bayin Allah a daji, ni kuma ina nan ina..." Ta toshe bakinta da gyale.

"Ba laifinki ba ne."

"Zai zama laifina in na bar shi ya yi girma. Ba na so ƙaunarmu ta zama abin da ke ƙishin jinin wani. Ta fi haka tsarki a wurina."

Hawaye ya gangaro masa, bai share ba.

"To ni ina zan kai wannan zuciyar?"

"Kai ta inda ka kai muryarka ɗazu. Ka nemi mace mai tsoron Allah, wadda ba a ɗaure take ba. Ranar bikinku zan zo in yi muku girki. Abu ɗaya nake roƙo, kada ka sa ni waƙa."

Can ya ce, da irin muryar da ake gaida matar wani:

"Ubangiji ya riƙe ki, matar Shekwolo."

Ya shiga cikin ruwan bai waiwayo ba.

Da ta isa gida ta tarar Mama Asabe ta fito da rigunan ɗanta daga akwati ta baza su a kan gado, tana kakkaɓewa tana waƙa. Fuskarta tana haske kamar ta yarinya.

"Kin dawo, 'yata? Dubi ikon Allah! Saura ƙiris mu binne mai rai. Za su yi masa yawa yanzu, sai ki rage su da kekenki. Zo, zo mu durƙusa. Yau ke za ki yi mana addu'a, bakin mata ya fi kaifi a kan mijinta."

Biriskila ta durƙusa a kan siminti mai sanyi. Tsohuwar ta kama hannunta ta riƙe gam. Ruwa yana dukan kwano. Tana neman kalmar da za ta faɗa wa Wanda ba a ɓoye masa abin da ke cikin zuciya.

"Ya Uba..." Ta sake farawa. "Ya Uba, ka dawo da shi."

"Amin!" in ji Mama Asabe da dukan ƙarfinta. "Amin! Ci gaba, 'yata."

Amma iyakar abin da Biriskila ta iya faɗa ke nan.