Tsagar Jirgin Tamba

Rahila tana tankaɗe a tsakar gidansu da ke Birnin Kebbi lokacin da Tamba ya yi sallama. Masunci ne daga Argungu, kuma shi za ta aura bayan girbi. Wata uku ke nan ba ta sa shi a ido ba, tun ranar da gulbi ya cika ya kife jirginsa, ruwa ya ci wanta Maigandi. Bawan Allah ya rame kamar kara.

Ya durƙusa gaban mahaifinta Malam Dankure, tsohon soja, wanda 'yan tsirarun Kiristocin garin ke sujada a zaurensa.

"Baba, ni na kashe Maigandi. Jirgina ya tsage tun kafin ranar, tsumma na cusa. Ya tambaye ni ko jirgin lafiya, na ce lafiya lau. Kunya na ji, kada surukaina su ji ko jirgin kirki ba ni da shi."

Inna, mahaifiyar Rahila, ta saki ƙwaryar da ke hannunta ta fashe da kuka.

"Fita mini daga gida! Ɗiyata ba ta auren wanda ya yi wa ɗana ƙarya ya kai shi ga ruwa."

Malam Dankure ya tashi ya shige ɗaki. Rahila ta bi Tamba zaure.

"Ƙaddara ce, Tamba. Kwanansa ne ya ƙare. Ba komai."

"Haka kowa ke ce mini. To in ba komai, mi ya hana ni barci? Ki nemi wani, Rahila. Ni ko addu'a ban iya ba yanzu."

Daga nan gida ya koma gidan makoki sabo. Inna ta hana ambaton sunan Tamba. Masu kawo albasa daga Argungu suka ce ya bar kamun kifi, ya bar cin abinci, kullum yana bakin gulbi ya zuba wa ruwa ido. Rahila ta rasa wanda za ta yi wa kuka, wanta ko masoyinta, ga haushinsa ga tausayinsa. Ran kwana na goma sha biyu ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, mun rasa ɗaya a ruwan nan. Za mu zauna ya ci na biyu?"

Washegari suka hau lori. Suka iske shi inda aka ce. Tsohon ya zauna kusa da shi a kan yashi.

"Tamba, ka yi ƙarya, ɗana ya mutu. Ba zan ce maka ba komai ba, wallahi da komai." Muryarsa ta karye. "Kwana goma sha biyu ina roƙon Allah ya ba ni ikon faɗin abin da ya kawo ni, don da ƙarfina ban iya ba. Na yafe maka. Yesu ya mutu saboda masu zunubi, bai ce ban da kai ba. Ka furta, ya gafarta. Kada ka ba ruwa ranka da aka saya da jini."

Tamba ya kifa kai a gwiwar tsohon yana kuka kamar yaro. Rahila ta kwance ƙullin furar da ta zo da shi, ta dama, mahaifinta ya riƙe masa ƙwaryar har ya sha.

Inna kam sai da ta shekara biyu kafin ta sauko. Rahila ta jira, har wani akawun En'e, wato hukumar gargajiya, ya zo neman aurenta ta mayar da shi. Ranar auren Inna ba ta yi guɗa ba, amma da hannunta ta tuƙa tuwon angon, hawaye na zuba.

To jama'a, wanda zunubinsa ke cinsa kada ku kore shi, kada kuma ku ruɗe shi da "ba komai". Ku kira laifin da sunansa, ku nuna masa gafarar Almasihu, sannan ku zauna kusa da shi har ya iya cin abinci.