Jirgin da Ya Faɗo a Filin Karu

Jirgina ne a gaba a zagayen ƙarshe, sai kawai ya daina bin rimot.

Na danna, na sake dannawa. Ya karkata ya yi kan 'yan kallo...

Farfelarsa ta sami Prudence, yarinya 'yar shekara bakwai, a fuska. Kafin magariba likita ya ce idon hagu ya tafi.

Duk Asabar muke haɗuwa a wani fili bayan Karu, mu 'yan kulob ɗin tseren ƙananan jirage masu batir. Nan na san Ebenezer, bakanike daga Apo. Shi ya haɗa mini jirgin, shi ya koya mini tuƙa shi. Wata takwas muna soyayya a ɓoye, don Yaya Al-Amin ya riga ya gargaɗe ni.

"Kauthar, na ƙara ganinki da Kiristan nan, ki nemi wani gidan."

Washegarin hatsarin shugaban kulob, Abdulmajeed, ya kira taro. Sau biyu yana neman aurena ina ƙi. Yaya ne ya kawo ni, ya zauna a gefena.

"Wa ya taɓa jirgin nan daga ƙarshe?" in ji Abdulmajeed.

Na san amsar. Abdulmajeed da kansa ya karɓe shi kafin tsere, wai zai duba batir, ya shige rumfa da shi. A lokacin Ebenezer yana cikin motata, hannunsa cikin nawa.

In na faɗa, za a tambayi inda ni da Ebenezer muke a lokacin, Yaya zai ji.

Ebenezer ya dube ni. Na sunkuyar da kai.

"Ni ne, oga," ya ce a hankali.

Kwanansa tara a tsare a hannun 'yan sanda. Da ya fito, maigidansa ya sallame shi daga gareji, kulob ma ya kore shi.

A tashar Nyanya na same shi da jaka ɗaya, zai koma Kafanchan.

"Masoyina, ka tsaya... Zan faɗa musu gaskiya yau ɗin nan."

"Yau?" Ya yi ɗan murmushi. "Na jira ki kwana tara, Kauthar. Duk ƙofa ta buɗe, ina cewa ke ne."

"Tsoro na ji."

"Na sani. Ni ma na ji tsoro a wurin."

Na riƙe hannun rigarsa ina kuka, mutane suna kallonmu.

"Ka yafe mini, don Allah."

"Na yafe. Amma ba zan iya zama ba." Ya zare hannuna a hankali. "Ki je ki ga yarinyar. Mamanta Lydia ta ce ba wanda ya leƙa su tun ranar."

Ɗan kamasho ya ce saura mutum ɗaya. Ebenezer ya shiga motar, bai waiwayo ba.

Ranar Asabar na tsaya gaban kulob na faɗi komai, Yaya yana ji. Abdulmajeed ya musanta, ba kuma wanda ya gan shi sai ni. Yaya ya daina yi mini magana.

Na tura wa Ebenezer saƙo na gaya masa.

Ya karanta. Bai amsa ba.