Masu Zama a Cikin Charger

Mu'awiya bakanike ne tun yana Ƙofar Ruwa a Kano, kuma New York ba ta canza masa hali ba. Ka ambaci tsohuwar mota, sai ya manta da tuwon da ke gabansa. Matarsa Hamdatu takan ce ya fi sanin shekarar da aka ƙera kowace mota a kan shekarar haihuwarsa.

Motar da ta ɗauke masa hankali Dodge Charger ce ta 1969, baƙa wuluk, tana garejin ƙarƙashin wani dogon gini kusa da babban titin Grand Concourse. Shekara arba'in tana lulluɓe da tamfol. Masoya tsofaffin motoci kowa da labarinsa a kanta. Wasu su ce mai ita yaƙi ya tafi bai dawo ba, wasu su ce duk wanda ya taɓa ta ba ya sake waiwayarta. Tsohuwar da ta gaje ta ta ce wa Mu'awiya in ya iya tayar da ita, ya ɗauke abarsa. Shi kuwa dariya ya yi wa masu labarin, don a ganinsa ƙarfe ƙarfe ne.

Ranar wata Laraba, gab da magariba, injin ya tashi. Rugugin ya cika garejin har ƙirjinsa na amsawa. Ya bar shi ya yi zafi don ya wanke lagireto, sannan ya kashe, ya tari ruwan a bokiti yana tururi. Murna ta rufe masa ido. Ya sheƙa ruwan a ƙarƙashin motar, wajen magudana, ba bisimilla, ba komai. Ko yaron goye a gida ya san ba a zubar da ruwan zafi haka, balle da magariba, balle a wurin da ya daɗe ba kowa.

Sai ya ji ƙara. Siririya, irin ta jariri.

Ya tsaya cak. Ruwa na ɗiga daga bokitin. Warin fetur ya ɓace, wani wari ya maye gurbinsa, kamar gashi a kan garwashi.

Wayarsa ta yi ƙara. Hamdatu ce.

"Baban Na'ima, ka zo! Yarinyar nan ta ƙwalla ihu daga barci. Bayanta ya tashi, kamar an zuba mata tafasasshen ruwa!"

Na'ima wata huɗu ke nan da haihuwa, ita kaɗai Allah ya ba su. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya juya zai gudu.

Ƙofar motar ta buɗe a hankali.

A kujerar baya akwai mace zaune, doguwa, ta sunkuyar da kai don rufin ya yi mata kaɗan. Tana jijjiga wani abu a cinyarta.

"Mun riga ka zuwa nan," ta ce da raɗa, da Hausa tsantsa. "Ka yaye mana rufi, mun yi shiru. Ka cika mana gida da hayaƙi, mun yi shiru. Yanzu ka ƙona min ɗa."

Ya nemi Ayatul Kursiyyu a bakinsa, harshensa ya yi nauyi.

"Baiwar Allah, ban sani ba. Ki yi wa Allah ki bar 'yata. Ba ita ta zuba ba."

"To wa ya zuba?"

A cikin wayar yana jin kukan Na'ima yana raguwa, yana shaƙewa.

Ya dubi hannunsa na dama. Da shi ya zuba ruwan, da shi kuma ya nemi abinci shekara ashirin.

Ya miƙa shi cikin motar.

Yatsunta suka zagaye wuyan hannun. Sanyi ƙalau, sannan wuta.

Da rarrafe ya fito titi. Mutane na fitowa daga tashar jirgin ƙasa na layin D, kowa na harkar gabansa. Wayar na manne a kunnensa, Hamdatu na cewa, "Ta yi shiru. Ta kama nono. Wallahi babu ko tabo a bayanta."

Hannun bai sake riƙe sifana ba. Ya ƙanƙance, yatsun suka lanƙwashe, likitoci suka yi hotonsu suka gaji. Yanzu huluna da safa yake sayarwa a kan tebur a titin 116, kuma in tsohuwar mota ta wuce da ruri, sai ya kau da kai.

Na'ima ta shekara huɗu, lafiyarta ƙalau. Sai dai in za su tsallaka titi, kullum sai ta zagayo ta kama hagunsa. Wata rana ya ce mata, "Uwata, wannan ma hannun babanki ne. Ƙyamarsa kike yi?"

Ta girgiza kai. Ta ɗaga ido sama da kafaɗarsa ta dama, ta amsa da Turanci kamar yadda yaran nan suke yi, wai ai wannan akwai matar da take riƙe da shi.