Littafin Hashim da Rubutun Chaza

Ikilima na durƙushe a tsakar ɗakinta da wuƙa a hannu, tana lallaɓa shafuka biyu da suka manne da juna.

Takardar ta yage.

Ta gwada na gaba, a hankali, tana riƙe numfashi...

Shi ma ya yage.

Inda ya buɗu kuwa babu abin karantawa. Shuɗiyar tawada ta narke ta haɗu da baƙa, lambobi sun zama taɓo. Ta ajiye wuƙar ta dafe kai. Hasken safiya ya shigo ta taga, motocin Abuja sun fara kiran fasinja a bakin titi, amma ranar ba ta ko tuna da ofis ba.

Littafin ba nata ba ne. Na Hashim ne, wanda zai aure ta.

Hashim mataimakin matuƙin jirgin sama ne a wani kamfani mai jigila tsakanin Abuja da Legas. Shekara shida yana zaune a kujerar dama. Ta hagu ta kyaftin ce, ba a hawanta sai da babban lasisi, shi kuma lasisin ba a ba mutum sai ya cika awoyinsa a sama ya kuma ci jarrabawar rubutu a Legas. Awoyi ya cika su. Jarrabawa ce ta rage, saura mako huɗu. Abin da ya tara cikin shekara biyu duk yana cikin wannan babban littafi mai baƙin bango: lissafin hanya, lissafin mai, rabon nauyin kaya, dokokin sama, halin iska da gajimare. Wasu ya kwafo daga littattafan aro da tuni suka koma hannun masu su. Wasu daga bakin tsofaffin matuƙa ya ji ya rubuta. Duka da alƙalami mai shan tawada.

Mahaifinta Malam Lado tun farko ya yanke magana. Lasisi tukuna, sannan a sa rana. Ya ce ba ya ba da 'ya ga mutumin da hankalinsa ke rabe biyu.

Ita Ikilima mai buga tafireta ce a wata ma'aikata a Abuja. Shi ya sa Hashim ya ba ta littafin, ta buga masa sashen lissafin hanya, don rubutunsa ƙanana ne, yana gajiyar da ido.

Sai Goggo Sa'ida, ƙanwar mahaifinta, ta zo daga ƙauyen Chaza da kwalba cikin zani. Rubutu ne na buɗin ƙwaƙwalwa, malaminta ya wanke allo uku. Ikilima ta gaya mata Hashim ba ya sha, ya sha faɗa cewa addu'a da karatu sun ishe shi.

"To in mai littafi ya ƙi sha," in ji Goggo, "ai littafin sai ya sha."

Ikilima ta yi dariya a lokacin.

Bayan la'asar kuma, da gida ya yi shiru, ta tuna ranar aurenta a cikin wannan littafi take. Ta zuba rubutun a tafin hannu ta shafe shafi bayan shafi kamar yadda Goggo ta ce, ta rufe, ta ɗora akwati a kai har wayewar gari. Ta yi sakandare. Ta yi makarantar koyon tafireta. Ta san tawadar alƙalami ba ta shiri da ruwa, ta kuma san da ƙaro ake haɗa tawadar allo, abin da ake manne takarda da shi. Duk ta sani, ta yi.

Fiye da rabin littafin ya tafi.

Ranar Juma'a bayan la'asar Hashim ya zo zance. Ya zauna a zaure yana murmushi, ya tambaye ta ko sakatariyarsa ta gama aiki. Ta miƙa masa littafin da hannu biyu, idonta a ƙasa. Ta ce ran Laraba da yamma motarsu ta lalace a Zuba, kan hanyar dawowa daga Abuja, ruwa ya tsuge, jakarta ta jiƙe sharkaf.

Ya buɗe. Ya daɗe yana juya abin da ke juyuwa.

"Ran Laraba?"

"Eh, Yaya Hashim..."

"A Zuba."

"Eh."

Ya rufe littafin ya ɗora a cinya. Ya dube ta, ba fushi a fuskarsa.

"Ke dai ba ki kama mura ba ko, Kilimata?"

Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Ta ce lafiyarta ƙalau. Ya ɗan zauna kamar mai jiran wani abu, ita kuma ta ƙura wa tabarma ido. Da aka kira magariba ya tashi ya tafi da littafinsa.

Juma'a ta zagayo bai zo ba.

Goggo ce ta tona, ba da mugun nufi ba. A wani gidan suna ta baje baki tana cewa surukinsu ya riga ya ci jarrabawa, ita ta san abin da aka yi wa littafinsa. A cikin masu ji akwai Rabi'a, 'yar kawun Hashim, wadda ta tashi a hannun mahaifiyarsa Hajiya Daso, ta kuma daɗe tana ganin ita ta fi kowa dacewa da shi. Kafin Rabi'a ta kai gida maganar ta yi ƙiba. Ba rubutun jarrabawa ba ne kuma, asiri ne aka shafa don a mallake shi, ya daina ganin uwarsa da ƙima.

Hajiya Daso ta aiko. Maganar aure a dakata. Yarinyar kuma tana son ganinta.

Malam Lado ya kira Ikilima zaure. Bai ɗaga murya ba.

"Ke kika yi?"

"Ni ce, Baba."

"Kika kuma ce ruwa ne?"

Ta gyaɗa kai.

"To ke za ki je. Ba na aika kowa ya wanke miki fuska."

Ta tafi da hantsi, kwalbar cikin mayafi. Hanyar ba nisa, amma gani take kowace mai tallar bakin titi ta san inda za ta da abin da ya kai ta. Rabi'a ce ta fara tarbarta a tsakar gida, tana tankaɗe gari.

"A'a, amarya. Sannu da ruwan Zuba. An ce har da ƙanƙara?"

Ikilima ta wuce ta durƙusa gaban Hajiya Daso ta gaishe ta. Tsohuwar ta amsa a taƙaice. Sai Ikilima ta faɗi komai daga farko, ba ta ɗora wa Goggo ba, ta ce hannunta ne ya shafa. Ta ajiye kwalbar a ƙasa. Da saura kusan rabi a ciki.

Hajiya ta ɗaga kwalbar ta duba a hasken rana, ta sansana. Ta tambaye ta mene ne a ciki. Ikilima ta ce ayoyi ne, don ya ci jarrabawa, ba don komai ba.

"Sha."

Ikilima ta karɓa. Rubutun ya kwana biyu, ya fara tsami. Ta shanye tas, hawaye na bin kumatunta, ba ta goge ba.

Hajiya Daso ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ce tun Hashim na firamare babu jarrabawar da ya shiga ba ta karɓo masa rubutu ba, a kunu take zuba masa, har yau bai sani ba.

"Amma ni dai ban taɓa shayar da takarda ba. Da bokonki da komai, 'yar nan."

Ta juya ga Rabi'a ta ce ta ji abin da aka shafa, saura ta ji wanda ya ƙara gishiri a hanya. Rabi'a ta kwashi rariyarta ta shige kicin.

"Ni na gama da ke," in ji Hajiya. "Amma ba ni kika yi wa ƙarya ba. Yana ɗakin waje."

Ta same shi a ƙasa, takardu baje kewaye da shi, ga taswirar hanyoyin sama, ga ɗan ma'aunin lissafinsa mai juyawa. Ya rame. Ta tsaya daga bakin ƙofa, ta kasa sallama da ƙarfi.

Bai bari ta fara ba. Ya ce ran Larabar nan shi ya sauko da jirgi Abuja da yamma. Kafin ya taso ya karanta rahoton yanayi, don aikinsa ne, ba ya tashi sai ya karanta. Ya kuma gani da idonsa daga sama. Daga dutsen Zuma har Gwagwalada babu gajimare ko na rantsuwa.

"Kin rasa wanda za ki ce wa an yi ruwa sai ni?"

Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Tun a zaure ka sani..."

"Tun a zaure. Ruwan sama ba ya manne takarda. Na zauna ina jira ki faɗa."

Ya ce littafin ya ƙona masa rai, ba zai ɓoye ba, kwana uku bai ci abincin kirki ba. Amma ba shi ya hana shi zuwa ba. A wurin aikinsu, in mutum ya taɓa abin da bai kamata ba, ko ya karanta lamba ba daidai ba, take yake faɗa wa na kusa da shi, ko da kunya za ta kashe shi. In ya faɗa sai a gyara. In ya yi shiru, mutum ɗari ne a baya ba su san komai ba.

"Ni da mai zama kusa da ni haka muke. A gida ma haka nake so. In ba za ki iya ba, ki gaya mini yanzu."

"Na ji tsoro ne, Yaya Hashim. Kar ka ga wautata..."

"Na gan ta ai. Har yanzu ina nan."

Ta durƙusa nan bakin ƙofa ta faɗa masa da bakinta, duk da ya riga ya sani. Ta ce ita ta shafa, ita ta ɗora akwati, ita ta ƙirƙiro ruwan Zuba. Ta roƙe shi gafara. Ya tattara takardun da ke gabansa, sannan ya ɗago ya dube ta.

"Tafiretar nan taki ta gida tana aiki?"

"Tana yi."

"Gobe bayan la'asar. Ki sayo takarda da yawa, Kilimata."

Kwana goma sha taran da suka rage a zauren Malam Lado suka yi su, ban da ranakun da yake aiki. Shi yana kai da komo yana faɗar abin da ya tuna, ita tana bugawa, tsohon kuma na waje a kan buzunsa yana jin ƙarar tafireta. Inda ya tuna ya faɗa. Inda ya kakare su bar fili, in ya je Legas ya tambayo. Wani lokaci ya tsaya tsakiyar lissafi ya dafe goshi yana neman abin da ya san ya taɓa rubutawa, ita kuwa sai ta sauke hannu daga tafireta ta sunkuyar da kai. Bai taɓa ce mata ga abin da kika jawo ba. Filayen da suka rage a sashen lissafin hanya sun fi na ko'ina yawa.

Ya tafi Legas ya rubuta. Da sakamako ya fito ya ci duka, ban da lissafin hanya. Sai bayan wata uku zai sake zama.

Shi da kansa ya zo ya gaya wa Malam Lado. Ikilima na bayan ƙofa tana ji. Ta fito ba a kira ta ba, ta durƙusa ta ce ita ta jawo, kada a ɗora masa.

"Na sani," in ji Malam Lado. "Na ce lasisi tukuna. Ban janye ba."

Wata ukun nan ta ji su a jikinta. Unguwa duk ta ji labari. A motar Abuja, in hadari ya haɗo, sai wata ta ce a rufe wa Ikilima jaka. Ƙawayen da aka sa musu rana bayanta suka yi biki tana kallo. Goggo Sa'ida ta sake zuwa da wata kwalbar, ta ce wancan karon ba a bi ƙa'ida ba ne. Ikilima ta karɓa da ladabi ta shanye a gabanta, ta ce ita ma tana bukatar buɗin ƙwaƙwalwa. Ta ci gaba da bugawa. Wannan karon kowane shafi biyu take fitarwa, ɗaya a wurinsa, ɗaya a akwatinta.

Wata ranar Asabar da hantsi Hashim ya yi sallama, da ambulan a hannu. Bai buɗe ba. Ya ce ya fi so a buɗe a gaban Baba.

Malam Lado ya farke ambulan ɗin, ya juya takardar sama da ƙasa. Ba ya karanta boko. Ya sa aka kira Ikilima, ya miƙa mata.

"Karanta mini. Kada ki ƙara, kada ki rage."

 Ta karanta sunan, ta karanta lambar, ta karanta ranar da aka zauna. Sannan ta zo layin ƙarshe.

"Ya ci, Baba..."

Tsohon ya dubi Hashim. Hashim ya leƙa takardar ta kafaɗarta, ya gyaɗa kai.

"To," in ji Malam Lado, yana naɗe buzunsa. "Ka gaya wa kawunanka su zo ran Juma'a. Ke kuma tashi ki shiga ciki, kin tsaya kina yi wa mutane kuka a zaure."