Afrakoma da Gidan Rina

Afrakoma yarinya ce 'yar aji shida. Garinsu yana bakin tafkin Bosomtwe, a yankin Asante na ƙasar Ghana. Babanta masunci ne. Mamarta kuwa tana sayar da dokunu, wato tuwon masara da ake dafawa a ganye, da soyayyen kifi a bakin hanya.

A tsofaffin jaridu Mama take naɗe wa mutane kifi. Kafin ta yaga kowace takarda, sai Afrakoma ta karɓa ta duba. Ba labarin siyasa take nema ba. Akwai wani ɗan gurbi a shafin baya inda ake rubuta abubuwan ban mamaki. Shi take so.

"Mama, kin san macen sauro ce kaɗai take cizo?"

"Yanzu dai na sani. Miƙo min takardar, mai saye yana jira."

Idan Baba ya dawo daga su, tun bai ajiye raga ba take tare shi.

"Baba, ka san wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sama ya haƙa tafkin nan?"

"To, Allah ya sa ba shi da ƙane a hanya," in ji Baba.

A makaranta ma haka take. Da an fita tara, sai yara su kewaye ta a gindin mangwaro. Kowace magana tata da "ko kun san" take farawa. Har suka sa mata suna Rediyo. Malaminsu, Malam Amoako, ya ba ta dama ta riƙa faɗin abu ɗaya a taron safe kowace Juma'a.

Babu wanda ya kai ƙanenta Fosu jin daɗin wannan. Ɗan aji ɗaya ne. Idan ana gardama a cikin abokansa, kalmarsa ɗaya ce: "Yayata ce ta faɗa." Daga nan shi a wurinsa magana ta ƙare.

Ana nan sai aka kawo wani sabon yaro ajin su Afrakoma. Sunansa Kwarteng. Daga Kumasi suka dawo. Babansa yana barinsa ya yi bincike a wayarsa da yamma, saboda haka shi ma ya san abubuwa da yawa.

Wata rana a gindin mangwaro, Afrakoma ta fara kamar yadda ta saba.

"Ko kun san idon jimina ya fi ƙwaƙwalwarta girma?"

"Tsohon labari," in ji Kwarteng. "Ke kin san ƙasar da aka fara buga gasar cin kofin duniya?"

Bai jira ta amsa ba ya ci gaba.

"Uruguay ce. Kin san sunan Ghana ma na wata tsohuwar daula ce da aka yi can arewa, wajen Mali?"

Yara suka juya wajensa. Afrakoma ta yi sauri ta ce, "Ƙashin wuyan raƙumin dawa bakwai ne, daidai da na mutum."

"Tun ina aji uku na san wannan."

"Hasken rana yana yin kusan minti takwas kafin ya iso duniya."

"Shi ma na sani. Rediyo, batirinki ya yi sanyi. Kuma iliminki ƙarnin kifi yake yi."

Yara suka kwashe da dariya. Kunya ta kama Afrakoma. Ta laluba kanta, ba ta sami sauran komai ba.

Daidai lokacin sai ga wata rina ta gifta. Yara suka watse suna kare fuska. Afrakoma ta bi rinar da kallo, sai wata dabara ta faɗo mata.

"Ku dawo, matsorata! Ko kun san idan mutum ya riƙe numfashinsa, rina ba ta iya harbinsa?"

Kowa ya tsaya. Kwarteng ya haɗe gira.

"A ina kika ga wannan?"

"A jarida. Masana ne suka gano. Idan ka riƙe numfashi, ƙofofin fatarka suna rufewa. Ta ina ƙarin zai shiga?"

Wannan magana ba gaskiya ba ce. Ba ta taɓa karanta ta a ko'ina ba. A nan take ta ƙirƙiro ta. Amma ta faɗe ta da muryar da take faɗin gaskiya, don haka aka yarda.

Kwarteng ya sosa ƙeya. "Wannan kam ban san shi ba."

Yara suka yi tafi. Fosu ya fi kowa tsalle. Afrakoma ta koma aji tana murmushi, kafin a tashi ma ta manta da zancen.

Ranar Asabar da hantsi, tana taya Mama naɗe dokunu a ganyen masara, sai suka ji ihu. Wani abokin Fosu ya shigo a guje yana haki.

"Mama, ku zo! Rina ta harbi Fosu!"

Suka fita ko takalmi babu. A bayan rumfar da ake shanya koko suka same shi. Yana kwance a ƙasa yana kuka, ya rufe fuska da hannu biyu. Wani maƙwabci ya riga ya janye shi nesa da rumfar.

"Me ya kai shi wurin?" Mama ta tambaya.

"Ƙwallonmu ce ta maƙale a saman rumfa, kusa da gidan rina," in ji yaron. "Muka ce a bar ta. Shi kuma ya ce mu matsa, yayarsa ta koya masa sirri. Sai ya cika kumatu da iska ya hau."

Mama ta kalli Afrakoma. Ta saɓa Fosu, maƙwabcin ya ɗauke su a babur. Afrakoma ta bi su da gudu har asibitin garin.

Kafin ta isa, fuskar Fosu ta kumbura. Idonsa ɗaya ya rufe. Leɓensa na sama ya yi suntum. Gwiwarsa kuma ta ɗaye wajen faɗowa. Nas ta yi masa allura, ta ɗora masa ƙanƙara a cikin tsumma.

"Kun yi dabara da kuka kawo shi da wuri," in ji nas. "Zan riƙe shi zuwa yamma in ga yadda numfashinsa yake. Akwai mutanen da harbin rina yake toshe musu maƙogwaro."

Afrakoma ta zauna a bakin gado. Fosu ya buɗe idonsa mai lafiya ya dube ta.

"Yaya, ki yi haƙuri."

"Haƙurin me?"

"Na riƙe numfashin sosai. Ina jin ya ɗan kuɓuce min ne da na miƙa hannu. Idan na warke zan sake gwadawa. Wannan karon har hanci zan toshe."

Afrakoma ta fashe da kuka.

"Kar ka sake, Fosu. Ƙarya na yi. Babu jaridar da ta faɗi haka. Ni na ƙirƙira."

Fosu ya ƙura mata ido. Can ya ce, "Amma ai ke ba kya ƙarya."

"Na yi a ranar."

Ya juya fuskarsa wajen bango.

Da yamma aka sallame su. A gida Mama ta kwantar da Fosu, sannan ta kira Afrakoma tsakar gida. Baba yana zaune yana ɗinkin raga.

"Me ya sa kika yi haka?" in ji Mama.

"Kwarteng ne ya yi min dariya. Ya ce ilimina ƙarnin kifi yake yi."

"Shi ya sa kika sa ƙanenki ya hau gidan rina?"

"Ban san zai gwada ba, Mama."

"Yaron da ko ruwa kika ce masa wuta ne zai yarda?" in ji Baba, bai ɗago kai ba.

Mama ta sake tambaya. "Yara nawa ne suka ji maganar?"

"Da yawa."

"To, akwai gidan rina a gonakin kokon iyayensu duka. Kukan da kika yi bai isa kunnensu ba. Sai kin koma kin gyara da bakinki."

Washegari, bayan an taso daga coci, Mama ta raka ta gidan Malam Amoako. Afrakoma ta faɗa masa komai, kanta a sunkuye. Malam ya saurara har ta gama.

"Gobe ba Juma'a ba ce," in ji shi. "Amma za ki yi magana a taron safe."

"Malam, ba za ka faɗa musu da kanka ba? Za su yi min dariya."

"Wataƙila su yi. Amma daga bakinki suka ji ta farko. Idan ni na faɗa, wasu za su ce Rediyo ta fi Malam sani."

Ranar Litinin ɗalibai suka yi layi a filin makaranta. Bayan an yi addu'a, Malam ya kira ta. Ta fito gaba.

"Abin da na faɗa muku game da rina ba gaskiya ba ne," ta ce. "Ni na ƙirƙira, don a ce na fi kowa sani. Ko mutum ya riƙe numfashi, rina za ta harbe shi. Ƙanena ya gwada, sai da aka kai shi asibiti. Don Allah kar wani ya sake gwadawa. Idan kun faɗa wa wani a gida, ku koma ku ce masa ƙarya ce."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Wani daga baya ya ce, "Rediyo ta kama tashar ƙarya!" Amma wata yarinya 'yar aji huɗu ta ɗaga hannu.

"Malam, ni da yayana mun shirya za mu gwada a gonarmu ranar Asabar mai zuwa."

Daga nan dariyar ta tsaya.

Malam Amoako ya ce, "Kun ji dalilin da ya sa ta fito. Laifi ta yi, kuma ta gyara. Daga yau, duk wanda ya ce muku 'ko kun san', ku tambaye shi inda ya samo. Ko ni ne." Sannan ya juya wajen Afrakoma. "Maganar Juma'a kuwa, na dakatar da ita. Sai ranar da kika iya nuna min abu ɗaya a rubuce a wuri biyu daban-daban."

Da aka fita tara, babu wanda ya zo gindin mangwaro. Afrakoma ta zauna ita kaɗai tana cin gasasshiyar ayaba da gyaɗa. Sai ga Kwarteng. Ya tsaya yana wasa da ƙafa a ƙasa.

"Ya jikin Fosu?"

"Da sauƙi. Idon ya fara buɗewa."

"Maganar kifin nan da na yi, ban kyauta ba." Ya zauna. "Kuma a ranar na duba wayar Baba, ban ga zancen rinar ba. Na so in faɗa, sai na ji tsoron a ce hassada nake yi."

Afrakoma ta miƙa masa gyaɗa. Ya ɗiba.

"Malam ya ce wuri biyu," in ji shi. "Ke ki nemo, ni in duba. Ko ni in nemo, ke ki duba a littattafan ofishin Malam."

Haka suka yi. Abin da ya tabbata su riƙe. Abin da bai tabbata ba su watsar. Sun watsar da abubuwa da yawa, har da zancen wai jemage makaho ne. Ashe yana gani.

Bayan 'yan makonni Malam ya mayar da maganar Juma'a. Yanzu su biyu suke fitowa. Fosu ya warke sarai, ya kuma daina fushi da yayarsa. Yara suka dawo gindin mangwaro kaɗan-kaɗan.

Wata Juma'a, bayan sun gama, wani ɗan aji biyu ya ɗaga hannu.

"Yaya Afrakoma, kifi yana barci?"

Duk makaranta ta zuba mata ido. Ita 'yar masunci ce, kowa ya ɗauka ta sani. Tana iya cewa e ko a'a, babu mai musa mata.

"Ban sani ba," ta ce. "Amma zan bincika in faɗa maka."

Babu wanda ya yi dariya. Malam Amoako ne ya fara tafi, sauran suka bi.

Juma'ar da ta biyo baya ta kawo amsa. Kifi yana hutawa, amma yawancinsu ba su da fatar ido, shi ya sa ake ganin idonsu a buɗe. Ta faɗi littafin da ta gani, Kwarteng ya faɗi inda ya duba. Yaron ya koma layi yana murna, yana gwada barci da ido a buɗe.

Tun daga nan Afrakoma ta gane cewa faɗin "ban sani ba" ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne mutum ya faɗi abin da bai tabbatar ba, domin wanda ya yarda da shi yana iya cutuwa.