Tawul Mai Hoton Agwagwa

Wari ne ya tarbe ta tun daga ƙofar falo. Ko farar rigar asibiti ba ta cire ba, ta nufi kujerar da mijinta ya kwantar da 'yarsu Shalele, lulluɓe har ka cikin tawul mai hoton agwagwa.

"Tun yaushe yarinyar nan take cikin kashi?"

Bai ji ba. Waya na manne a kunnensa kamar kullum, yana zagaye falo yana faɗin, "To Yaya... na ji, Yaya."

Ta ja tsaki, ta ɗage tawul ɗin ta ƙasa, ta ɓalle famfas tana kawar da kai. Abin ya bi cinya har gadon baya. Ta goga sau ɗaya, hannunta ya tsaya cak.

Namiji ne.

Ta fizge tawul ɗin daga fuskar. Wani ɗan lukuti ne mai kumatu, yana sharar barcinsa.

"Abban Shalele, ina 'yata?"

"Ga ta nan gabanki, Zuciyata."

"Matso ka duba 'yar taka da kyau."

Ya leƙa. Wayar ta suɓuce ta faɗi kan kafet, muryar babbar yayarsa na ci gaba da fita: "...mace ta haihu ta kai wa bare raino, ita tana can tana gantali a asibiti. Ka sa ta ajiye aikin nan, na gaya maka."

Ta dubi wayar, ta dube shi. Wallahi kashin hannunta bai kai shi ba ta ƙyama ba.

"Wato kana sauraron yadda ban iya uwa ba, ka sungumo ɗan mutane."

"Tawul ɗin ne... iri ɗaya ne sak. Anti mai raino tana banɗaki da wani yaro, ta ce in ɗauke ta tana kan katifa."

"Tawul ka haifa?"

Duk da haka, ba ta iya barin yaron cikin kashi ba. Ta wanke shi tas. Wandonsa ya gama lalacewa, sai ta zura masa na Shalele, ruwan hoda mai leshi a gindi.

A mota ya miƙo hannu zai taɓa ta.

"Kar ka soma. Tuƙa kawai."

Anti mai gidan raino na tsaye bakin ƙofa, ɗankwali a karkace. Ta karɓe yaron tana jujjuya shi.

"Alhamdu lillahi. Uwarsa ba ta taso aiki ba tukuna. Don Allah mu rufa wa juna asiri."

Maman Shalele dai ɗaki ta faɗa. Shalele na zaune cikin kayan wasa tana tsotsar ƙafar 'yar tsana. Uwar ta durƙusa ta ware hannuwa, hawaye na zuba.

"Zo, 'yar lelena. Zo wurin Mama."

Yarinyar ta dafa bango ta miƙe. Ta saki bangon. Ta tako, dagwai-dagwai, ta wuce hannuwan uwarta kamar ba ta gan su ba, ta je ta rungume ƙafar Anti.

"Mama," in ji ta.

"Tafiya take yi?" uwar ta tambayi Anti.

"Ai ta kwana biyu da farawa," Anti ta ce tana sosa wuya. "Na ɗauka kun sani. Da safe kina kawo ta tana barci, da yamma yana ɗaukarta tana barci."

Duk ƙyamar da ta ɗebo daga gida ta juyo kanta. Shi bai san fuskar 'yarsa ba, ita 'yar ba ta san tata ba.

Suna shiga gida wayarsa ta sake ruri. Ya ɗaga a gabanta.

"Yaya, yau ɗan wasu na ɗauko ina sauraronki. Matata ce ta gane. Aikinta kuma ba inda za shi." Ya kashe wayar gaba ɗaya, ya jefa ta cikin durowa.

Ya zauna a kafet, ya ɗago ido. "Zage ni son ranki, Zuciyata, na cancanta."

"Da wane bakin?" Ta zame ta zauna nesa da shi kaɗan. "Gobe zan roƙi a canza mini lokacin aiki. Kai kuma in ka shigo, wayar nan ta kwana a durowa."

"Kuma kafin in ɗauki yaro sai na buɗe famfas."

Dariya ta ƙwace mata cikin kuka. Ya jawo ta, ba ta hana ba. Shalele ta tako tsakaninsu, ta yi tangaɗi, ta faɗa cinyar uwarta, ta kama mata hanci.

Sai aka buga ƙofa, bugu na marar wasa.

Ya buɗe. Wata doguwar mata ce cikin kakin 'yan sanda, ɗan lukutin nan a kafaɗarta. Ta ɗaga ɗan wando ruwan hoda da yatsu biyu.

"A cikinku wa ya fita da ɗana?"